Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Fashin Baƙi Kan Matsalar Ruwan Sha a Duniya

Jarka mai cin lita 20, idan aka cika ta fal, nauyinta kilo 20 ne. Wanda ya taɓa ɗora ta a ka ya san yadda take danne wuya, ya san yadda ruwan ke tangal-tangal a ciki yana fizgar mutum hagu da dama, ya kuma san dawowa ta fi tafiya nisa ko da hanyar ɗaya ce. To wannan jarka guda ita ce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin buƙatar mutum ɗaya a yini: na sha, na girki, da na ɗan wanke hannu da fuska. Gidan da ke da mutum shida, jarka shida ke nan kullum ta Allah, ko mai ɗebowa tana da lafiya ko ba ta da ita. In kuwa ana so a yi wanka da wanki yadda ya kamata, sai lissafi ya tashi zuwa lita 50 har 100 ga kowane mutum.

Da gangan na fara da jarka. Alƙaluman da ke tafe manya ne ƙwarai, kuma alƙaluma idan suka yi girma sukan shiga ta kunnen dama su fice ta hagu. Mai karatu ya riƙa mayar da su jarka-jarka a ransa.

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suna da shirin haɗin gwiwa da ke bin diddigin ruwan sha ƙasa-ƙasa. Rahotonsu na 2023 ya ce a shekarar 2022 mutum biliyan 2.2 ne ba su da ingantaccen ruwan sha, wato sama da mutum ɗaya cikin kowane huɗu a doron ƙasa. Sai an san mudun da aka yi awo da shi kafin a gane wannan adadi. Sharuɗɗa uku aka gindaya: ruwan ya kasance a cikin gida ko harabarsa, a same shi duk lokacin da ake buƙata, sannan babu ƙazantar bayan gida ko guba a cikinsa. Ko ɗaya ya faɗi, mutum ya shiga sahu. Shi ya sa sahun ya tara mutane iri-iri. Akwai mai famfo a tsakar gida wanda sai sau biyu a mako yake kawo ruwa. Akwai mai bin layi a rijiyar burtsatse. A can ƙasa kuma akwai mutum miliyan 703 da ba su taka ko matakin farko ba, wato samun wuri mai kariya da za a je a ɗebo a dawo cikin minti 30. Miliyan 115 daga cikinsu kai tsaye suke kamfata daga rafi, tafki ko kududdufi, wurin da dabbobi ke sha.

Wannan adadin ma da wuya ya kama kowa. A watan Agustan 2024 mujallar Science ta buga wani bincike da masana suka yi ƙarƙashin jagorancin wata cibiyar nazarin ruwa ta ƙasar Siwizalan. Sun duba ƙasashe 135 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, suka ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ne abin ya shafa, ninki biyu ke nan. Wani ɓangare na bambancin daga hanyar lissafi yake, wani kuma daga cewa ƙasashe da yawa ba sa gwada ruwan da jama'arsu ke sha. Inda ba a gwada ba kuwa, ba a san me ake haɗiya ba.

To ruwan ne ya ƙare wa duniya? Idan aka ji rabon yadda yake, mutum zai iya zaton haka. Fiye da kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. Ɗan abin da ya rage, wajen kashi 2.5, kashi biyu cikin uku nasa daskararre ne a ƙuryar kudu da ta arewacin duniya da kan manyan duwatsu, mafi yawan sauran kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkunan da muke gani da ido ɗan mitsitsi ne a cikin lissafin. Amma ga abin lura: duk ruwan da gidajen duniya ke amfani da shi, daga sha har wanki, bai wuce wajen kashi 12 cikin 100 na abin da ake ɗiba kowace shekara ba. Wanda ke shiga ciki kuwa lita biyu zuwa uku ne a yini.

A dubi ƙasashe biyu. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tana da wajen rabin ruwan koguna da tafkunan Afirka gaba ɗaya, kogin Kwango kuma shi ne na biyu a duniya wajen yawan ruwa, bayan Amazon. Amma mafi yawan mutanen ƙasar ba su da tsabtataccen ruwan sha. Kuwait ba ta da kogi ko ɗaya, ba ta da tafki, amma da wuya ka shiga gidan da za ka murɗa famfo ruwa bai zubo ba. A 2012 masana ilimin ƙasa na Birtaniya suka fitar da taswirar da ta nuna ruwan da ke kwance ƙarƙashin Afirka ya ninka wanda nahiyar ke samu sabo kowace shekara sau 100 ko fiye. Wannan shi ne rijiya ta bayar, guga ya hana. Gugan a nan shi ne bututu, da inji, da wutar da za ta juya injin, da matatar ruwa, da ma'aikacin da zai zo gyara, da hukumar da za ta biya shi albashi a kan kari. A ganina kashi mafi girma na wannan matsala a wurin gugan yake, ko da yake za mu zo kan wuraren da ita kanta rijiyar ta fara ƙafewa.

Bari mu fara da maganar tsabta, domin nan ne aka fi yaudaruwa. Ɗan Adam ya saba auna ruwa da abu uku: launi, wari da ɗanɗano. In ya ga ruwa garai, ba wari, ba bauri, sai ya kai baki da kwanciyar hankali. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a sha'anin ruwa ido bai san komai ba. Ƙwayar kwalara ba ta da launi, ta taifot ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 1.7 suna sha daga wurin da bayan gida ya gurɓata. Kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a 2022 ɗin nan mutum biliyan 3.5 ba su da ingantaccen tsarin masai, miliyan 419 kuwa a fili suke bahaya. Ruwan sama na farko zai wanke wannan ƙazanta ya kai ta rafi, ko ta tsiyaya ta ƙasa daga masai zuwa rijiyar da ke kusa. Duk wanda ya raba maganar ruwan sha da maganar masai, rabin aiki ya yi.

An daɗe da gano haka. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum wajen 600. A lokacin likitoci sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, yana sa alama a taswira, sai ya ga mace-macen sun yi wa wani famfo guda zobe a titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona aka ga ramin ƙazanta dab da rijiyar, wanda ake zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai cutar a cikinsa. Mutanen unguwar kuwa suna son ruwan famfon nan saboda daɗinsa. Sama da shekara 170 ke nan, kuma har yau abin da ke kashe mutane bai sauya ba.

Akwai kuma gurɓatar da ke faruwa bayan ruwa ya baro tushensa da tsabtarsa. A leƙa cikin jarkar da aka shekara ana ɗiba da ita, za a ga gansakuka ta yi kore a gindinta, bakin ya yi ƙanƙanta ba a iya sa hannu a wanke, murfin ya ɓata an toshe da leda. An kawo gida an juye a randa. Moɗa ta faɗi ƙasa, yaro ya ɗauka ya mayar, ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗebo. Kafin yamma ruwan da ya fito lafiya ya zama wani abu dabam. Wannan ne dalilin da ya sa aka dage sai ruwa ya iso har cikin gida: iya nisan tafiya da daɗewar ajiya, iya yawan hannuwan da za su taɓa shi. Shi ma famfon da ke kawowa yau ya ɗauke gobe yana da nasa haɗarin, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Muddin bututu cike yake da ruwa, in ya huje, waje yake fesarwa. Da zarar an ɗauke ruwa sai ya koma zuƙa, ya jawo ruwan kwatar da ya ratsa ta cikinta. Ran da aka dawo da ruwa, wannan ne zai fara isa gidajen mutane.

Sakamakon yana kan ƙananan yara. Mutum wajen miliyan ɗaya ke mutuwa kowace shekara sanadin gudawar da ƙazamin ruwa, rashin masai da rashin wanke hannu ke jawowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar 395,000 za a iya cetowa duk shekara da an gyara waɗannan. Wanda ya tsira ma bai tsira duka ba. Yaron da ke fama da gudawa a kai a kai, abinci ba ya zama a jikinsa, sai ya tsumbure, tsumburewar nan kuma ta bi shi har aji, har girma. Idan aka haɗa da yaƙi ko wata masifa sai abin ya zama annoba. A Haiti, cikin 2010, ƙazanta daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga wani reshen kogin Artibonite, kwalara ta kama mutum sama da 800,000, ta kashe wajen 10,000, sai a 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi afuwa. A Yaman, inda yaƙi ya rusa hanyoyin ruwa, waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara sun haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2017.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bangaladash, domin da kyakkyawar niyya aka fara. A shekarun 1970 yara suna ta mutuwa saboda ruwan tafkuna, sai gwamnati da ƙungiyoyin agaji, har da UNICEF, suka duƙufa haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, har suka kai miliyoyi. Gudawa ta ragu, kowa ya yi murna. Ba wanda ya gwada ruwan don neman asenik, wata guba da ke cikin ƙasar wurin tun asali. Sai a 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin, bayan mutane sun fara fito da baƙaƙen tabo a tafin hannu da na ƙafa, wasu kuma ciwon daji. Wani rahoto da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari, ya kuma kira abin guba mafi girma da aka taɓa shayar da wata al'umma a tarihi. An gudu ba a tsira ba. Aka bi rijiyoyin ana shafa wa masu guba jan fenti, masu lafiya kore. Amma uwar da jan famfo ke ƙofar gidanta, kore kuma yana can nesa a gidan wani, me ake so ta yi da tsakar dare in yaro ya ce ƙishirwa?

Arziki ma ba ya hana irin wannan. A 2014 hukumomin birnin Flint na Amurka suka koma ɗibar ruwa daga kogin garin don rage kashe kuɗi, ba su sa maganin da ke hana tsofaffin bututu zaizayewa ba, gubar dalma ta shiga jinin yara. Mazauna garin, waɗanda akasarinsu talakawa ne baƙaƙen fata, sun yi fiye da shekara suna kuka kafin a saurare su.

Wa ke ɗaukar jarkar? A cikin kowane gida goma da ba su da ruwa a harabarsu, bakwai mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa awa miliyan 200 suke ɓatarwa a kan haka kowace rana. Awa ce da aka zare daga makaranta, daga sana'a, daga barci. Sannan ga wani zalunci da ba a cika faɗa ba: talaka ya fi mai kuɗi sayen ruwa da tsada. Rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya nuna mazauna unguwannin marasa galihu a manyan birane sukan biya ninki biyar zuwa goma a kan kowace lita, idan aka kwatanta da masu hali na birni ɗaya. Dalilin a fili yake. Bututun gwamnati, wanda ake saka wa tallafi, unguwar masu hali yake zuwa. Wanda bututu bai kai gare shi ba sai ya saya daga hannun mai tanka, ko mai turo kura, bayan kowa ya ɗora ribarsa. Ga tsada, ga shi bai san daga ina aka ɗebo ba.

Nan muka iso kan gugan sosai. Haƙa rijiya abu ne mai farin jini: a yi taro, a yi jawabi, a ɗauki hoto ruwa na zuba, a yi tafi a watse. Gyara ba shi da hoto. Bayan shekara biyu wata 'yar roba ta cinye a cikin famfon, ba a san inda ake sayar da irinta ba, ba a san wa ke da alhakin saye ba, wanda ya haƙa ya daɗe da tafiya. Sai ka ga famfo tsaye ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe dakalinsa, mata suna wuce shi da jarkoki sun nufi rafin da aka ce an raba su da shi. Bincike ya nuna a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a kowane lokaci, wajen famfon tuƙa-tuƙa ɗaya cikin biyar ba ya aiki. Manyan birane ma haka suke, girman asarar ne ya bambanta: birnin Meziko yana rasa wajen kashi 40 cikin 100 na ruwansa ta ɓulallun bututu, ruwan da aka riga aka kashe kuɗi aka tace aka turo.

Ruwa kyautar Allah ne, amma bututu da inji ba kyauta ba ne, dole wani ya biya. Rigimar ita ce wa zai biya, nawa, kuma wa zai riƙe. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce manyan masu ba da bashi sun matsa wa ƙasashe su miƙa ruwan birane ga kamfanoni. A Cochabamba ta ƙasar Boliviya an yi haka a 1999, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suka fito zanga-zanga, aka kashe wani matashi, a watan Afrilun 2000 aka soke kwangilar. Amma gaskiya ɗaya ce: bayan ruwan ya koma hannun hukuma, unguwannin talakawa na kudancin birnin sun ƙara shekaru ba su ga bututu ba. Korar kamfani ba ta kawo ruwa, kamar yadda kawo kamfani bai kawo ba.

Abin da ke kawowa an gan shi a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. A 1993, bayan shekarun yaƙi, hukumar ruwan birnin kusan gawa ce. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na mazauna kawai take kai wa, na awa goma a yini, kashi 72 cikin 100 na ruwan kuma yana salwanta, ta yoyo da sata. Ma'aikata da kansu suke haɗa wa mutane layin sata su karɓi na goro, manya kuwa ba sa biya. Aka naɗa wani injiniya, Ek Sonn Chan. Ya sa mita a kowane gida, ya tilasta wa manyan jami'ai da sojoji biyan kuɗin ruwa, ya ɗaga matasan ma'aikata masu gaskiya, ya kafa masu farautar yoyo dare da rana, aka sauya tsofaffin bututu da taimakon ƙasashe irin su Japan. An ƙara kuɗin ruwa sannu a hankali, aka sauƙaƙa wa talaka kuɗin jawo layi. Kafin 2010 ruwa na zuwa awa 24, ya isa ga wajen kashi 90 cikin 100 na birnin, asara ta sauko zuwa wajen kashi 6. Kogin da suke ɗiba bai ƙaru da ko ɗigo ba. Talakan da ya samu famfo kuma ya koma biyan ƙasa da abin da yake ba masu sayarwa a da.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce ko'ina gugan ne kaɗai. Akwai inda rijiyar ke ja da baya, kuma noma ne babban mai sha: wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya ban ruwa yake tafiya. Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya kafin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga a shekarun 1960. Yau jiragen kamun kifi suna zaune a kan rairayi. Na ƙarƙashin ƙasa kuma ba a ganin raguwarsa sai an wayi gari. Indiya kaɗai tana zuƙar wajen rubu'in ruwan ƙasa da duniya ke ɗiba. Idan mai hali ya zurfafa burtsatsensa ya sa babban inji, rijiyar maƙwabcinsa talaka ce ke fara ƙafewa. Ƙasar da aka zuƙe wa ruwa kuma sai ta lotsa: wasu sassan birnin Meziko suna nutsewa har santimita 50 a shekara, nutsewar Jakarta kuwa tana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta fara gina sabon babban birni.

A farkon 2018 ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Bayan fari na shekara uku, hukuma ta sa ranar da za ta rufe famfunan birnin mai mutum wajen miliyan huɗu, kowa ya koma bin layin lita 25. Aka ƙayyade lita 50 ga kowane mutum, jama'a suka rage amfani da ruwa da fiye da rabi, damina ta zo, aka sha da ƙyar. Wani bincike na 2023 ya gano cewa masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na mazauna ba, su ke shanye fiye da rabin ruwan birnin, a lambuna da wuraren ninƙaya. Mutanen unguwannin kwano kuwa tun kafin farin a layi suke. A 2019 kuma madatsu huɗu na birnin Chennai a Indiya suka ƙafe, har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa.

Sauyin yanayi yana ƙara wa wutar fetur ta fuska biyu. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100, saboda haka fari ya fi tsanani, ruwa kuma in ya tashi zuba sai ya zubo gaba ɗaya. Ambaliya ba ta maganin ƙishirwa. Ta Pakistan a 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta haɗe masai da rijiya, wata shida bayanta mutum sama da miliyan 10 ba su da ruwan da za su sha ba fargaba.

Koguna ba su san iyakar ƙasa ba, shi ya sa na sama da na ƙasa ke zaman doya da manja. Masar, wadda kusan duk ruwanta daga Nilu yake, ta shafe shekaru tana takun saƙa da Habasha kan babbar madatsar da aka fara ginawa a 2011. Yarjejeniyar kogin Indus ta 1960 tsakanin Indiya da Pakistan ta jure yaƙe-yaƙe, amma a Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta. A Gaza, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, wajen kashi 97 cikin 100 na ruwan ƙasa bai dace da sha ba. Da aka ragargaza rijiyoyi da matatu, a 2024 cutar shan inna ta dawo bayan shekara 25.

Dabaru akwai su. Ƙasashen Larabawa, Saudiyya a kan gaba, suna tace ruwan teku, sai dai yana cin wuta da kuɗi, kowace lita mai daɗi kuma tana barin wajen lita ɗaya da rabi na ruwa mai tsananin gishiri da ake mayarwa teku. Ba maganin ƙauyen da ke nesa da gaɓa ba ne. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ya mayar famfo, Singafo ma ta bi sahu. Indiya, daga 2019, ta ɗaga yawan gidajen karkara masu famfo daga wajen miliyan 32 zuwa sama da miliyan 150, ko da yake kafa famfo daban, zuwan ruwa kullum daban. Mafi arha a cikinsu shi ne kulorin, maganin da ake zubawa a ruwa ya kashe ƙwayoyin cuta. Tun 1908 da birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan gari a kai a kai, taifot ta fara ja da baya a biranen da suka kwaikwaya. Nazarin da masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi ya nuna tsarkake ruwan sha na iya rage mutuwar ƙananan yara da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ina jin takaicin yadda abu mai arha haka har yanzu bai kai ga kowace randa ba.

Alkawari kuwa an sha yi. Ranar 28 ga Yulin 2010 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa da tsabtar muhalli haƙƙin ɗan Adam ne, ƙasashe 122 suka goyi baya, 41 suka ƙaurace. A 2015 aka sa 2030 a matsayin shekarar da kowa zai samu. Ba a zauna banza ba, domin tsakanin 1990 da 2015 mutum biliyan 2.6 sun samu ingantaccen wurin ɗiba. Amma jama'a na ƙaruwa, birane na faɗaɗa fiye da saurin bututu. Rahoton nan na 2023 na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya ce sai an ninka saurin aiki sau shida kafin a cika alkawari, in kuma aka ci gaba a haka, mutum biliyan biyu za su shiga 2030 ba ruwa mai inganci. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2016 cewa ginin da ake buƙata, na ruwa da na masai, zai ci dala biliyan 114 a shekara. A 2023 kaɗai duniya ta kashe sama da dala tiriliyan 2.4 a kan sojoji da makamai.

Kafin bututu ya iso, akwai abin da naci ke iya yi, kuma kurkunu ne shaida. Mutum yana shan ƙwayarsa a ruwan kududdufi, bayan shekara guda tsutsa mai tsawon kusan mita ta huda fata, galibi a ƙafa, da raɗaɗi kamar wuta. Raɗaɗin ya sa shi tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, mai sha na gaba ya ɗauka. Ba allura, ba ƙwayar magani, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A 1986 mutum wajen miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta jagoranci yaƙin, amma masu aikin na ainihi 'yan sa-kai ne na ƙauyuka: su raba ƙyallen tace ruwa, su koya wa mata ɗaure shi a bakin tulu, su ba makiyaya ɗan bututu mai rariya da ake ratayawa a wuya a zuƙi ruwa da shi, su tsare bakin tafki kada mai ciwo ya shiga. A 2023 mutum 14 kacal aka samu da cutar a duniya. Da dama daga cikin ƙauyukan da aka kori kurkunu daga cikinsu, har yau daga kududdufin nan suke sha, ta bayan ƙyalle.